Kwana uku a mako ya ishi mai fara motsa jiki

Ranar wata Alhamis da la'asar ƙanena ya shigo shago da leda a hannu, ina kan keke ina haɗa wuyan wata kaftani. Ya zaro sababbin kambas farare ya ajiye mini bisa tebirin yanka.

"Yaya, gobe zan fara fita gudu. Kullum, safe da yamma, sai tumbin nan ya sauka."

Na tsayar da keke na dube shi. Shekararsa 38, direban ofis ne, rabonsa da gudu tun yana makarantar sakandare. Na ce masa: "Kwana uku a mako za ka yi, kuma da tafiya za ka fara. Gudu sai nan gaba." Ransa bai so ba, ya ɗauka raina masa ƙarfi nake yi. Abin da na zaunar da shi na faɗa masa ranar shi nake son in rubuta a nan, domin tambayar tasa ita ce tambayar kusan duk wanda ya yi niyyar farawa: sau nawa zan fita a mako?

Ni tela ne a Birnin Kebbi, shekarata 46, asalina mutumin Argungu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ware wani lokaci da sunan motsa jiki ba. Da damina yana fadama cikin shinkafa, da rani yana ruwa da gorarsa da homa, kuma har ya tsufa cikinsa a shafe yake. Ni kuwa tun ina ɗan shekara 17 nake zaune kan benci. Lokacin da nake taka keken ƙafa ina ce wa kaina ai wannan ma motsi ne. Da na koma keken lantarki sai ɗan wannan ma ya tafi. Daga gida babur, daga babur benci, daga benci masallacin da ke bakin layi. Shekara uku da suka wuce na raka maiɗakina asibiti, ina zaune ina jira sai na miƙa hannu aka auna ni. Jini ya nuna 150 bisa 95. Aka ce in dawo a sake, na dawo sau biyu, bai taɓa sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba. Likita ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in kuma riƙa motsa jiki.

Tsoro ya kama ni, ina da yara ƙanana. Washegari bayan sallar asuba na nufi wajen filin wasa na Haliru Abdu, na tarar da samari 'yan ƙwallo da masu shirin shiga aikin soja suna sassarfa, na bi bayansu. Kwana tara a jere na yi ina fita. Ran na huɗu jikina ya yi tsami kamar an daka ni, na daure. Ran na bakwai gwiwar dama ta fara suka ta ƙarƙashin ƙoƙo, na ɗaure ta da ƙyalle na ci gaba. Ran na goma na tashi zan yi sujada gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Kusan mako biyu a zaune nake salla. Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya: wata huɗu cur ban ƙara sa takalmin ba, domin zuciyata ta riga ta haɗa motsa jiki da wahala. Sauri ya haifi nawa.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. A lokacin da kake wahalar da tsoka, 'yan ƙananan yagewa ne ke samuwa a cikinta, irin waɗanda ido ba ya gani. Jiki yana ɗinke su ne lokacin hutu da barci, kuma ɗinkin da ya yi yakan fi na da ƙarfi. Duk tela ya san abin da ke faruwa idan aka ja yadi tun ba a kashe zare ba: ɗinkin warwarewa yake yi. Ranar hutu ita ce ranar kashe zare. Akwai kuma abu na biyu da ke yaudarar mai farawa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji hakinka ya ragu. Amma jijiyoyin da ke riƙe gwiwa da idon sawu, da su kansu gaɓoɓin, sabonsu a hankali yake zuwa, yakan ɗauki watanni. Shi ya sa mutum zai ji ƙirjinsa na cewa ƙara, alhali gwiwarsa ba ta shirya ba. Ni ƙirjin na saurara.

To nawa ake son mutum ya kai? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi mai shekara 18 zuwa 64 ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani irin gudu, sannan ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Idan ka raba 150 gida biyar, minti 30 ke nan kwana biyar a mako, lissafin da ka saba ji a rediyo. Sai dai a cikin ƙa'idojin nan an faɗa cewa wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma ɗan abin da ya yi ya fi zama haka nan. Wato minti 150 can ne za ka je. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin bakin ƙofa, su yi mako ɗaya su zube.

Ga yadda na sake farawa, kuma haka na tsara wa ƙanena.

Wata na farko, kwana uku, da ranar hutu tsakanin kowace fita. Ni na zaɓi Asabar, Litinin da Laraba. Na bar Alhamis da Juma'a a jere, domin ran Alhamis masu karɓar ɗinkin Juma'a ke cika shago har dare, ran Juma'a kuma ba na son in shiga masallaci a gajiye. Kai ma ka dubi makonka, ka sa ranakun inda aikinka ya fi sassauci, ka kuma kira su da sunansu. Wanda ya ce "zan riƙa fita sau uku" bai ce komai ba, Laraba za ta zo bai fita ko sau ɗaya ba. Wanda ya ce "Litinin bayan asuba" ya yi alkawari da wata rana takamaimai.

Kowace fita minti 20 ce. Biyar na farko tafiya irin ta zuwa kasuwa, don jiki ya ɗumama. Goma na tsakiya ka ɗaga ƙafa, irin tafiyar wanda ya ji an tada iƙama yana nesa da masallaci. Biyar na ƙarshe ka sassauta har numfashi ya dawo daidai. Idan minti 20 ya yi maka yawa, fara da 10, babu kunya a ciki.

Yadda za ka gane kana kan matsakaici ba ya buƙatar agogo mai tsada. Gaisuwa ta ishe ka awo. Idan ka haɗu da wani a hanya, ka iya amsa masa "lafiya lau, ya gida, ya iyali" ba tare da maganar ta tsinke ba, amma ka ji ba za ka iya rera waƙa ba, to kana daidai. Idan da ƙyar kake fitar da "lafiya" guda ɗaya, ka wuce gona da iri, sassauta. Idan kuwa za ka iya tsayawa cinikin akuya kana tafe, ƙara sauri. Mai son lissafi ya ƙirga takunsa, wajen taku 100 a minti ɗaya shi ne tafiyar da ake nufi ga yawancin manya.

Za ka ga minti 60 ne kawai a mako, ko rabin 150 bai kai ba. Ƙanena ma abin da ya fara faɗi ke nan. Na ce masa a wata na farko abin da kake koya wa kanka shi ne tashi da fita, kana kuma ba gwiwa lokacin sabawa. Ranar da ka dawo gida kana jin da sauran ƙarfinka, to ka yi daidai, wannan sauran shi zai fito da kai jibi. Ina da allin tela a aljihu, duk ranar da na fita nakan ja layi ɗaya a bayan ƙyauren shago. Layi goma sha biyu suka cika wata. Yaran shagona har sun san abin, idan Litinin ta yi ba su ga sabon layi ba sai babbansu ya ce, "Maigida, yau ba a ja ba." Wannan ɗan idon da suke sa mini ya fitar da ni ranaku da dama da sanyin hunturu ya so ya riƙe ni cikin bargo.

A wata na biyu kada ka ƙara kwana, ƙara minti. Biyar-biyar a mako, har kowace fita ta kai minti 30. Nan ne kuma za ka shigo da ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, kuma wannan ne ɓangaren da mutanenmu suka fi watsarwa, suna ganin na samari masu son ƙirji ne. Alhali da shekaru suka fara ja, tsoka raguwa take yi idan ba a ba ta aiki ba, kuma tsokar cinya ita ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Da na san haka tun farko da ban kwanta ba. Ba na zuwa wani gidan ɗaga ƙarfe. Bayan na dawo daga tafiyar Asabar da ta Laraba, minti goma nake ƙarawa a tsakar gida. In zauna kan benci in tashi ba tare da dafa komai ba, sau goma, in huta, in sake goma. In dafa bango da hannu biyu, in kai ƙirjina kusa da shi in turo kaina baya, sau goma sau biyu. In ɗauki galan biyu masu lita biyar-biyar cike da ruwa, wato kilo biyar kowanne, in zaga tsakar gida da su. In tsaya kan yatsun ƙafa in sauka. Shi ke nan. Sharaɗinsa ɗaya: kada ka wahalar da tsoka guda kwana biyu a jere, ba ta kamar awa 48 kafin ka koma mata. Da abin ya yi sauƙi sai ka bar bango ka dafa benci, daga baya ka sauka ƙasa. Jarka mai lita 25 ka bar ta sai ka ƙware, bayan mutum ba abin wasa ba ne.

A wata na uku sai kwana na huɗu ya shigo. Idan ka yi mako uku ko huɗu a haka babu gaɓar da ke ƙorafi, ƙara na biyar. Ka kai 150 ke nan. Ni sai da na yi kusan wata huɗu kafin na kai, kuma ko yanzu kwana biyar nake yi, biyu na hutawa. Abu ɗaya nake ƙarawa a lokaci guda: ko kwana, ko minti, ko sauri. Mai sha'awar gudu ya jira sai tafiyar minti 30 ta zame masa ba komai, sannan ya riƙa sassarfar minti ɗaya, tafiya minti biyu, yana maimaitawa. Gudu kuma ko ka saba kada ka jera shi kullum a shekarar farko, kwana uku da hutu a tsakani, sauran ranakun ka cike da tafiya.

Ranar hutu ba ranar kwanciya ba ce. Ka je masallacin da ya ɗan fi nisa da ƙafa, ka bar babur idan aiken bai wuce layi uku ba. Mu masu aikin zama, tela da mai shago da ma'aikacin ofis, ko muna fita da safe ya kamata mu riƙa miƙewa lokaci-lokaci. Ni na mayar da dutsen guga can ƙarshen shago da gangan, duk rigar da na gama sai na tashi na taka zuwa wurinsa.

Dole ka koyi bambanta tsamin jiki da ciwo, domin a nan na yi kuskurena. Tsami yakan zo washegari, ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, yana cikin naman cinya ko sha-raɓa, yawanci ƙafa biyun duka, kuma da ka ɗan taka sai ya saki. Wannan ba ya hana fita, sai dai ka sassauta. Ciwo kuwa wuri ɗaya yake, kana iya nuna shi da yatsa, sau da yawa cikin gaɓa, yana suka, yana ƙaruwa idan ka ci gaba, wani lokaci da kumburi. Wannan ka tsaya masa. In ya wuce 'yan kwanaki bai lafa ba, je a duba ka. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko na minti ɗaya: nauyi ko zafi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, jiri, duhun gani, numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya. Nan asibiti ne kai tsaye. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara ganin likita kafin ranar farko. Mai shan maganin suga ya tambaya musamman game da fita da yunwa, domin suga na iya faɗuwa a hanya, ya riƙa tafiya da dabino a aljihu.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40 da rana, don haka a bazara lokaci ɗaya ne na yarda da shi, daga idar da sallar asuba zuwa kafin rana ta ɗaga. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka sha bayan ka dawo, idan fitsarinka ya yi ja sosai to ruwan bai isa ba. Da hunturu ƙura ce matsala, mai asma ya bari sai hazo ya ɗan washe, ko ya yi nasa a cikin gida. Da damina idan ruwa ya tare ka Litinin, Laraba na nan. Da azumi nakan koma kwana uku, tafiya marar sauri bayan sallar asham, ƙarfafa tsoka sau ɗaya. Wasu sun fi son 'yan mintuna kafin shan ruwa, wannan ma ya yi in dai a hankali ne, amma gudu da tsakar rana da bakin azumi a wannan zafi namu ganganci ne.

Maiɗakina ba ta fita titi. Tsakar gidanmu taku 22 ne daga bakin zaure zuwa madafa, ta auna da kanta. Kwana uku a mako, ita ma bayan yara sun tafi makaranta sai ta sa rediyo ta yi ta kai da kawowa na minti 20, kuma lissafinta daidai yake da nawa. Mata da yawa za su ce aikin gida ya ishe su, kuma wani lokaci gaskiyarsu ne. Daka, jan ruwa a rijiya, wankin hannu mai yawa, duk wanda ya ɗaga numfashi yana shiga lissafi, haka noma da tuƙa kwalekwale da tafiya kasuwa a ƙasa. Manomin da ke yini a fadama babu ruwansa da wannan jadawali da damina, sai dai in rani ya zaunar da shi. Amma girki a zaune kan kujera 'yar tsuguno yana gajiyarwa ba tare da ya motsa zuciya ba, gajiya daban, motsi daban. Ga dattawa masu shekara 65 zuwa sama, Hukumar ta ƙara musu abu ɗaya: kwana uku a mako na abin da ke ƙarfafa tsayuwa don gudun faɗuwa. Innarmu tana riƙe ƙyauren ɗaki ta ɗaga ƙafa ɗaya tana ƙirga goma, ta sauya. Jikokinta ne ke yi mata ƙirgar.

Ƙanena ya tambaye ni yaushe tumbi zai sauka. Na faɗa masa gaskiya, shi ne na ƙarshe da ke amsawa, kuma ba ya amsawa sai an taɓa kwano: yawan tuwon shinkafa da dare, lemun kwalba, shayi mai suga cokali huɗu. Abin da na fara gani a kaina barci ne, ya yi nauyi tun a makonnin farko. Sai ciwon ƙugun da zaman keke ya sa mini ya ragu. Jinina ya sauko, amma tare da maganin da likita ya rubuta da rage gishiri, kuma ban ajiye maganin da kaina ba, kada kowa ya ajiye nasa don ya fara tattaki.

Saura maganar fashi, domin za ka yi shi. Tafiya za ta taso, ko rasuwa, ko zazzaɓi. Mu teloli muna da namu na dole: kwana goman ƙarshe kafin sallah a shago muke kwana, ido jajur, ga kaya jibge har rufi. A wannan lokacin ko layi ɗaya ba na ja a ƙyaure. Shekarar farko na so in rama bayan sallah, in haɗa na mako biyu a mako ɗaya, gwiwar ta ɗan yi mini gargaɗi na janye. Motsa jiki ba azumi ba ne, ba a ramuwarsa. Idan rana ɗaya ta kuɓuce maka, bar ta, ka fita ranar da ke biye a jadawalinka. Idan mako ɗaya ne, ci gaba daga inda ka tsaya amma ka ɗan rage sauri a fitar farko. Idan ya kai mako biyu ko fiye, ko kuma ciwo ne ya kwantar da kai, koma baya. Ni duk bayan sallah, ko da kwana biyar nake yi kafin ta, ranar Asabar ta farko nakan goge tsofaffin layukan da jiƙaƙƙen ƙyalle, in koma Asabar, Litinin, Laraba, minti 20, har mako biyu, sannan in fara hawa.